Lissafi Na Kama Ɓarayin Dara, Amma Wa Ke Riƙe Da Ma'aunin?

A farkon watan Maris na 2021 wani dattijo ɗan shekara 60 daga birnin Bandung na ƙasar Indonesiya, mai wasa da laƙabin Dewa_Kipas a dandalin Chess.com, ya lallasa Levy Rozman, Ba'amurken nan da ya yi suna wajen koyar da shaɗaranji a YouTube. Shaɗaranji dai ita ce darar nan mai sarki da sarauniya da dawaki, wadda ake bugawa a kan allo mai gida 64. Rozman ya leƙa tarihin wasannin mutumin, abin bai kwanta masa ba, ya kai ƙara. Ba a jima ba dandalin ya rufe asusun dattijon. Nan take ƙura ta tashi. 'Yan Indonesiya suka ce an ci mutuncin tsohonsu don kawai ya kayar da Bature, suka yi wa Rozman caa da zagi da barazana har sai da ya kulle shafukansa na ɗan lokaci.

Aka ce to, a zo a yi ta a fili. Ran 22 ga watan aka zaunar da dattijon gaban Irene Sukandar, gwanar ƙasar, allo a tsakaninsu, mutum fiye da miliyan ɗaya suna kallo kai tsaye. Wasa uku aka buga, ta cinye duka ukun ba tare da ta yi gumi ba. Mutumin da a intanet takunsa ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da na kwamfuta, ga shi a bainar jama'a yana zubar da 'ya'yan dararsa. Bai amsa laifi ba, amma gardamar ta mutu a ranar.

Abin lura shi ne, lokacin da dandalin ya yanke hukunci babu wanda ya gan shi da waya a hannu. Babu hoto, babu mai shaida. Alƙaluma kawai aka duba, kuma alƙaluman sun yi gaskiya. Irin wannan nasara ce ta sa mutane da yawa suka sakankance cewa lissafi ya gama da matsalar maguɗi. Bai gama ba, domin Dewa_Kipas shi ne mafi sauƙin kamu a cikin duk masu wannan sana'a.

Tun 1997, da kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke zakaran duniya Garry Kasparov, aka san inda aka dosa. A wancan lokaci Kasparov zargi ya yi cewa akwai hannun mutum a bayan injin. Yau zargin ya juya, injin ne ake nema a bayan mutum. Manhajar Stockfish, wadda kowa ke iya saukewa kyauta a wayarsa, ana ƙiyasta ƙarfinta sama da maki 3,500 a ma'aunin Elo da ake auna ƙarfin 'yan dara da shi, alhali mafi girman makin da ɗan Adam ya taɓa kaiwa shi ne 2,882, na Magnus Carlsen a 2014. Ma'ana, yaron da ya koyi dara jiya, in ya ajiye waya a gefe yana kwafa, zai ci zakaran duniya. Da annobar korona ta rufe zaurukan gasa a 2020, wasan ya koma intanet har da kyaututtukan kuɗi, sai ɓarna ta yi yawa. A shekarar Chess.com ya ce yana rufe asusu fiye da 500 kowace rana.

Mutumin da ya fi kowa suna a fagen kamun shi ne Kenneth Regan, farfesan kimiyyar kwamfuta a jami'ar Buffalo ta jihar New York, wanda shi kansa gwanin dara ne mai lambar ƙasa da ƙasa. Abin da ya jawo shi cikin harkar rigimar 2006 ce a garin Elista na Rasha, inda Vladimir Kramnik da Veselin Topalov suka kara a gasar zakaran duniya. Manajan Topalov, Silvio Danailov, ya yi ƙorafin cewa Kramnik na yawan shiga banɗaki, sannan ya fitar da alƙaluma masu nuna cewa galibin takun Kramnik sun zo daidai da zaɓin manhajar Fritz 9. Ga mai kallo daga nesa, hujja ta kammala. Da Regan ya zauna ya tsefe wasannin, sai ya ga yawancin wuraren da aka yi dacen wurare ne da babu zaɓi. In an tsare sarkinka kuma ƙofa ɗaya ce ta rage, kai da kwamfuta da ɗan koyo duk ta nan za ku fita. Dacewa da inji a irin wannan wuri ba ta nuna komai.

Daga nan ya gina hanyarsa. Da farko yana zubar da takun buɗe wasa, tunda waɗannan haddace su ake yi daga littafi. Sauran kuwa, kowane matsayi sai ya ba injin ya jera duk takun da za a iya yi, ya auna darajar kowanne da ma'aunin da ke raba darajar soja ɗaya gida ɗari. Sannan ya koma ga tarin wasannin da mutane suka buga a baya, ya tambaya: mai maki 1,800 in ya tsinci kansa a wuri mai irin wannan wahala, sau nawa yakan gano taku mafi kyau? Mai 2,400 fa? Da haka yake fitar da abin da ake tsammani daga kowane ɗan wasa gwargwadon matsayinsa, wato yawan dacewar da ya kamata ya yi da injin da kuma girman kurakuran da ya kamata a gani. Ko manyan gwanayen duniya, a matsakaici, dacewarsu da zaɓin farko na inji ba ta cika wuce kashi 60 cikin ɗari ba. Kamar malamin aji ne da ya san ɗalibansa. Ba ya mamaki in kowa ya ci tambaya mai sauƙi. Abin da ke sa ya ɗaga gira shi ne ya ga wanda ya saba zama a tsakiyar aji ya warware tambayoyi goma mafiya wuya a jere, kuma da salon da ke cikin littafin amsa.

Tazarar da ke tsakanin abin da ake tsammani da abin da aka gani ita ake mayarwa lamba ɗaya, wadda masana ƙididdiga ke kira makin z. Maki 3 na nufin abin zai iya faruwa ga mai gaskiya kamar sau 1 cikin 740. Maki 4.5 sau 1 ne cikin kusan 300,000. Maki 5 kuwa sau 1 cikin miliyan uku da rabi. Inda babu wata shaida sai lissafin kaɗai, can sama ake kafa shingen, wajen 4.5 zuwa 5.

Dandalin intanet yana da abin da Regan ba shi da shi, domin yana ganin fiye da takun. Yana ganin agogo. Mutum na gaskiya yakan ci ɗan da aka ba shi a ɓagas cikin ƙiftawar ido, ya yi dogon nazari a wuri mai sarƙaƙiya. Mai kwafa kuwa daƙiƙa bakwai ko takwas ɗin nan da yake ɗauka ya shigar da takun abokin karawa a waya ya karanto amsa, su yake ɗauka ko'ina, a mai sauƙi da mai wuya. Dandalin yana kuma ganin lokacin da mutum ya bar shafin wasan ya leƙa wani shafi, ya kwatanta ingancin takunsa bayan leƙen da na sauran lokuta. Yana kwatanta wasan da aka buga gaban kyamara da wanda aka buga a ɓoye. Lichess, dandalin kyauta da Bafaranshe Thibault Duplessis ya kafa a 2010, yana da manhajoji biyu masu koyo daga bayanai, Irwin da Kaladin, da ke tace asusun da ake tuhuma kafin mutane su duba.

Duk wannan aiki ne mai kyau, kuma ba don shi ba da dara a intanet ta daɗe da rushewa. Matsalar tana farawa ne daga tambayar da masu ɗaga lamba a bainar jama'a ba sa son yi: sau ɗaya cikin dubu, to, amma mutum nawa aka duba? In aka auna masu gaskiya miliyan ɗaya da shingen 1 cikin 1,000, mutum dubu za su faɗa tarko ba tare da sun yi komai ba. Dandalin da ake buga miliyoyin wasanni a kansa kullum, abin mamaki a wurinsa abincin yau da gobe ne. Dole wani ya yi wasan rayuwarsa a yau, wani kuma gobe.

Misali mafi kyau ya zo a watan Nuwamban 2023. Babban gwani Hikaru Nakamura ya tara maki 45.5 cikin wasa 46 na gaggawa a Chess.com, wato ya ci 45 ya yi kunnen doki ɗaya. Wanda ya fito yana nuna yatsa shi ne Kramnik, mutumin da aka taɓa jifa da irin wannan dutse a Elista. Ya ce lissafi bai yarda da wannan ba. Jeffrey Rosenthal, farfesan ƙididdiga a jami'ar Toronto, ya karɓi bayanan ya duba. Abu na farko, abokan karawar Nakamura sun gaza shi da ɗaruruwan maki, kuma a tsarin Elo wanda ya fi ka da maki 400 ana tsammanin ya kwashe kusan kashi 91 na makin da ke tsakaninku. Duk da haka, in aka ware waɗannan wasanni 46 su kaɗai, yiwuwar abin ƙarama ce, kusan 1 cikin 830. Sai dai Nakamura ya buga wasa fiye da 57,000 a dandalin. Da aka lissafa duk damar da ya samu ta yin irin wannan jerin, yiwuwar a ga guda ɗaya a tarihinsa ta haura kashi 40 cikin ɗari. Abin da Kramnik ya yi shi ne ya bari abin ya faru tukuna, ya zagaye shi da alƙalami, sannan ya tambayi yadda aka yi ya faru. Gaskiya ne Chess.com ne ya nemi Rosenthal ya yi aikin, kuma wannan abin faɗa ne, amma ya buga hanyar da ya bi a fili, duk mai iya lissafi yana iya bin sawunsa.

Wannan kuskure ya wuce allon dara. A 1999 wata kotu a Ingila ta ɗaure lauya Sally Clark bisa zargin kashe jariranta biyu, bayan likita Roy Meadow ya shaida cewa yiwuwar jarirai biyu su mutu haka kawai a gida irin nata 1 ce cikin miliyan 73. Lambar kanta ba daidai ba ce, kuma ko da daidai ce, ƙarancin yiwuwar abu ba shi ne yawan yiwuwar laifi ba. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Birtaniya ta fito ta yi tir da lissafin a 2001. An sake ta a 2003, ta rasu a 2007.

A ɗaya gefen kuma, shingen da aka ɗaga don kare mai gaskiya shi ne ɓarawo mai wayo ke bi ta ƙarƙashinsa. Babban gwani ba ya buƙatar a karanta masa wasa daga farko har ƙarshe. Taku biyu ko uku a wuraren da wasan ke juyawa sun ishe shi, wani lokaci ma ishara kawai cewa a nan akwai abin nema. Taku uku cikin arba'in ba za su motsa makin z yadda za a lura ba, sai an tara wasanni masu yawa. Fabiano Caruana, ɗaya daga manyan 'yan wasan Amurka, ya faɗa a 2022 cewa ba ya ɗaukar sakamakon Regan a matsayin yankan shakku, domin ya san wanda ya tabbata ya yi maguɗi amma awon ya wanke shi. Manyan kamun da aka yi a zauren gasa ma ba lissafi ne ya rufe su ba. Igors Rausis, wanda makinsa ya riƙa hawa yana cikin shekarunsa na hamsin, alƙaluman Regan sun daɗe suna nuna shi, amma hoton da aka ɗauke shi riƙe da waya a banɗaki a Strasbourg a 2019 ne ya jawo masa dakatarwar shekara shida da ƙwace lambarsa ta babban gwani. Kirill Shevchenko ma waya aka tsinta a banɗaki a gasar ƙungiyoyin Sifaniya a 2024. A intanet kuwa babu banɗakin da alƙali zai shiga ya duba.

Rigimar Hans Niemann ta haɗa duka matsalolin wuri guda. Ran 4 ga Satumban 2022, a gasar Sinquefield da ke St. Louis, matashin mai shekara 19 ya doke Carlsen, ya katse masa jerin dogayen wasanni 53 da ya yi ba a ci shi ba. Washegari Carlsen ya fice daga gasar, abin da aka fassara a matsayin zargin maguɗi. Niemann ya amsa cewa ya taɓa maguɗi a intanet yana ɗan shekara 12 da kuma 16, ya ce iyakarta ke nan. Wata guda bayan haka Chess.com ya fitar da rahoto mai shafi 72, ya ce mai yiwuwa Niemann ya yi maguɗi a wasa fiye da 100, har da gasannin kuɗi, na ƙarshe a 2020. Rahoton ya kuma yarda cewa babu tabbatacciyar shaidar lissafi a kan wasanninsa na ido da ido, har da wanda ya ci Carlsen. Regan ma bai ga komai a waɗannan ba. A na intanet ya tabbatar da wasu, amma ƙirgensa bai kai na kamfanin ba. Ga ƙwararru biyu, ga wasanni iri ɗaya, ga amsa biyu.

Kuma a daidai wannan lokaci Chess.com yana tsakiyar cinikin sayen kamfanin Carlsen, Play Magnus, a kan dala miliyan 80 da ɗoriya. Wannan ba ya nufin rahoton ƙarya ne. Yana nufin wanda ya bincika, ya gurfanar, ya yanke hukunci, kuma ya riƙe hanyar binciken a asirce, shi ne abokin cinikin mai ƙara. Niemann ya kai Chess.com da Carlsen kotu yana neman dala miliyan 100, alƙaliya a Missouri ta kori ƙarar a Yunin 2023, aka yi sulhu a Agusta aka mayar masa da asusunsa da dandalin ya rufe. Har yau babu wata kotu ko hukuma mai zaman kanta da ta buɗe injin kamfanin ta faɗa wa duniya sau nawa yake kuskure.

Kamfanin yana da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Ya ce in ya bayyana dabarunsa ya koya wa ɓarayi hanyar kauce musu. Ya kuma ce shaidarsa ita ce yawan waɗanda suka amsa laifi, ciki har da huɗu daga cikin 'yan wasa ɗari mafiya ƙarfi a duniya. Sai dai amsa laifin tana da farashi a maƙale: wanda ya amsa akan ba shi damar buɗe sabon asusu a rufa masa asiri, wanda ya ƙi kuwa ƙofa na iya zama a rufe. Ga matashin da abincinsa ke fitowa daga gasannin dandalin, ko bai yi ba, lissafin riba da asara na iya tura shi ya sa hannu. Amsa laifi da aka samu ta wannan hanya ba za ta zama ma'aunin ingancin awon da ya haife ta ba.

Akwai wani rauni da ya shafi 'yan wasan wannan nahiya kai tsaye. Awo irin na Regan yana jingina ne da makin da mutum ke ɗauke da shi. In makin ya gaza ƙarfinsa na gaskiya, wasansa na halal zai yi kama da na mai kwafa. Regan da kansa sai da ya gyara lissafinsa bayan korona, saboda yara sun shafe watanni suna ƙara ƙwarewa a gida alhali makinsu na hukuma yana tsaye. Abin da ya sami yaran duniya na shekara biyu, shi ne halin yau da kullum na matashi a Najeriya ko Nijar, inda gasannin da hukumar dara ta duniya, FIDE, ke ƙirgawa ba su da yawa kuma kuɗin zuwa na waje ya fi ƙarfin iyaye. Yaran da shirin Tunde Onakoya ke koya wa dara a unguwannin talakawan Legas, in ɗayansu ya yi fice, da maki ƙarami zai fito yana kayar da manya, kuma ba shi da lauya ko mabiya miliyan da za su tsaya masa.

Gyaran ba ya buƙatar a tona asirin dabarun ga kowa. Bankuna ma ba sa manna littattafansu a bango, amma masu binciken kuɗi daga waje suna shiga su duba. FIDE na iya kafa kwamitin masana ƙididdiga da ba sa cin albashin kowane dandali, su rantse kan riƙe sirri, su gwada kowane awo da wasannin da aka tabbatar na gaskiya ne, kamar na gwanayen da suka yi zamani kafin a ƙera injin, sannan su buga lamba ɗaya tak: cikin masu gaskiya dubu ɗari, nawa awon ke kamawa. Duk wanda aka rufe wa asusu a gasar kuɗi ya sami wurin ɗaukaka ƙara da ba ofishin wanda ya rufe shi ba. A kuma raba ba da dama ta biyu da tilasta amsa laifi.

Sai kuma bakin masu zargi, wanda ya fi komai saurin yin ɓarna. Kramnik bai tsaya kan Nakamura ba. Ya ci gaba da wallafa jadawalin alƙaluma da sunayen mutane, yana cewa shi tambaya kawai yake yi, har Chess.com ya rufe masa shafin rubutunsa a Disamban 2023. David Navara na ƙasar Czech ya rubuta yadda shigar sunansa cikin irin wannan jadawali ya jefa shi cikin matsanancin ƙunci. Daniel Naroditsky, babban gwani kuma malamin da dubban mutane suka koyi dara a wurinsa, ya shafe kusan shekara guda yana kare kansa daga shaguɓen Kramnik, ba tare da wani dandali ko hukuma ta taɓa samunsa da laifi ba. A shirinsa na ƙarshe ya koka cewa yanzu duk lokacin da ya yi wasa mai kyau sai a yi masa mummunan zato. Ya rasu a Oktoban 2025 yana da shekara 29. Ɗora alhakin mutuwarsa a wuyan wani zai zama irin zargin da ake kuka da shi, kuma Kramnik ya musanta cewa ya yi ba daidai ba. Abin da ke a rubuce shi ne yadda hukumar ta tafiyar da lamarin. A shari'ar Carlsen, kwamitin ladabtarwar FIDE ya wanke shi daga tuhumar zargi ba hujja a Disamban 2023, ya ci shi tarar Yuro 10,000 saboda ficewa daga gasa kawai. A batun Kramnik kuwa, sai bayan rasuwar Naroditsky da 'yan kwanaki shugaban hukumar, Arkady Dvorkovich, ya sanar da miƙa kalamansa ga wannan kwamiti.